Ana Ƙwace Gatari, Tirela Na Wucewa

A bazarar bara, a kan wata hanya da ta bi gefen daji, motar hayar da na shiga ta tsaya a shingen ma'aikatan gandun daji. Ba mu aka tare ba, wani dattijo ne da jakinsa suka toshe hanya. Ɗaurin itace biyu ne a bayan jakin, busassun rassan sabara da geza waɗanda ba su kai kaurin hannun yaro ba. An sauke itacen, an karɓe gatarin, dattijon na durƙushe yana cewa, "Ranka ya daɗe, wallahi ban sari ɗanye ba." Matashin da ke riƙe da gatarin bai wuce sa'an autansa ba. Ya kawar da kai ya ce, "Baba, doka ce, ba ni na kafa ta ba." Ana cikin haka sai ga tirela tafe tana nishi, an ɗaure gungumai a bayanta da sarƙa, wasu ma mutum biyu ba za su iya rungume su ba. Yaron mota ya diro da gudu, ya miƙa wata takarda mai hatimi, aka gaisa, aka ɗage sanda. Tirela ta wuce ta bar mu da ƙura, dattijo yana nan durƙushe.

Mota ta ɗauki tsaki. Wani ya ce ai an ba da na goro. Mai yiwuwa ne. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne, ko da ba a ba da ko sisi ba, haka al'amarin zai kasance. Takardar mai tirela na iya zama ta gaskiya, an biya kuɗi a banki, an buga hatimi a hedikwatar jiha. Dattijon kuwa da gaske ba shi da izini. Wato matashin nan bai saɓa doka ba, bin ta ya yi sau da ƙafa. To idan doka ta yi aikinta daidai, sakamakon ya zama an ƙwace gatari an ɗaga wa tirela sanda, ai dokar ce ya kamata a gurfanar.

Ƙarar da nake shigarwa ke nan. Dokokin gandun daji na jihohinmu sun cire bishiya daga hannun mutanen da ke zaune a gindinta, sun damƙa ta ga ofishin da bai taɓa shan inuwarta ba, wanda ba ya ganin komai a jikinta sai kuɗin shiga. Duk haramcin sare itace da gwamna zai sanar a rediyo, muddin ba a taɓa wannan tushen ba, mai jaki kawai zai kama.

Abin yana da asali. Kafin zuwan Turawa daji ba sakaka yake ba. Gari yana da hurumi, inda ba a noma, ake kiwo da ɗiban itace, kuma malaman Daular Sakkwato, musamman Abdullahi ɗan Fodiyo, sun yi rubutu a kan hukuncin ƙasa da abin da ake keɓewa don amfanin jama'a. Kuka da tsamiyar da ke cikin gona an san mai su, ana gadonsu kamar yadda ake gadon rumbu. A Damagaram har yau ana ba da labarin hukunci mai tsanani da Sarki Tanimun ya kafa a kan wanda ya sare gawo. Ba ina wanke wancan zamani ba ne, domin a wasu masarautun 'ya'yan ɗorawa ma na sarki ne, mai gona sai kallo. Sai dai ko a nan, bishiya tana da mai ita, kuma mai ita yana kusa.

Turawa suka zo da dokar gandun daji ta 1916, suka sabunta ta a 1937. Suka shata dazuzzuka, suka jera sunayen bishiyoyin da ba a taɓawa sai da takarda. A Arewa yawancin gandayen na En'e ne, malamin daji ɗan ƙasa ne, kuɗin kuma baitulmalin masarauta yake shiga. Tsofaffi ba su manta da zaluncin malamin daji ba, da kajin da ya ci a kan reshe ɗaya. Amma an san gidansa, an san hakimin da za a kai wa kuka. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 En'e ta watse. A 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta tattara ƙasar kowace jiha ta ba gwamna amana. Tsarin mulkin 1999 ya bar gandun daji a hannun jihohi, in ban da manyan gandayen ƙasa irin su Gashaka-Gumti da Kamuku da ke ƙarƙashin tarayya. Ƙaramar hukuma an ce za ta sa hannu wajen bunƙasa albarkatun ƙasa. Ƙauye kuwa ba a ko ambace shi ba. A kowane mataki iko yana ƙara nisa da bishiya, har ya kai mutumin da zai yanke hukuncin makomar dajin Rugu ko Falgore yana iya gama wa'adinsa bai taka wurin ba.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Sashen gandun daji na jiha ana yanka masa adadin kuɗin da zai tara a shekara, kamar ofishin lasisin mota. Ma'aikacin da aka ce ya kawo miliyan kaza, me yake da shi na sayarwa in ba bishiya ba? Wanda ya hana sara ya dawo da aljihu wayam, a ce ya gaza. Wanda ya ƙarar da littafin rasit uku a yaba masa. Babu shafi ko ɗaya a kasafin kuɗi da ake rubuta bishiyar da ta kwana a tsaye.

Wanda yake ganin zuzutawa nake yi, ya tambayi mutanen Taraba abin da ya sami madobiya. Bishiya ce da Bafulatani ya fi kowa sanin darajarta, domin a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare shanu suka rame, ganyenta ake sassabo musu. Da hunturu takan zubar da ganye ta rufe kanta da fure rawaya, ka hango ta daga nesa. Tana shan gomman shekaru kafin ta yi kauri. Sai aka yi rashin sa'a jan katakonta ya dace da irin kujeru da gadajen alfarma da attajiran ƙasar Sin ke so, bayan irinsa ya yi ƙaranci a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya. 'Yan kasuwa suka bi ta ƙasa bayan ƙasa kamar fara: Gambiya da kudancin Senegal, Gini Bisau, Togo, Benin, arewacin Ghana, sannan Najeriya. A nan ma da Kudu maso Yamma da Kogi aka fara, da ta yi wuya aka hauro Taraba da Adamawa. Tsakanin 2014 da 2017 Najeriya ta zama kan gaba wajen tura wa Sin irin wannan gungume, alhali katako yana cikin jerin kayan da kwastam ta haramta fitarwa. Dabarar ba ta da wuya: a feƙe gefe huɗu na gungume da zarto, a kira shi sarrafaffen katako, a cusa a kwantena.

A Bali da Gashaka da Garba Cede an sa mata suna Madrid. Samari suka bar gona da makaranta suka shiga daji da injin zarto. Kuɗi ya shigo, ba a musu, babura suka yi yawa, aka yi aure, aka sa kwano a rufin ɗaki. Wasu kuma gungume ya murƙushe su a gangaren dutse. Da ta ƙare a dazuzzukan kusa sai aka fara kutsawa cikin gandun Gashaka-Gumti, inda aka riƙa arangama da masu gadi har aka rasa rayuka.

Me hukuma ta yi a duk tsawon wannan lokaci? Shinge ta kafa. Jiha da nata, ƙaramar hukuma da nata, ƙungiyar 'yan katako da nata, kowa da littafin rasit a hannu. Babu wanda ya tsaya ya ƙirga madobiya nawa ce a dajin, nawa za a iya yanka a shekara ba a kashe iri ba. A farkon 2017 aka sa madobiya cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido a kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ya zama ba a fitar da ita sai da izini na musamman. A watan Nuwamba na shekarar, ƙungiyar bincike ta EIA ta fitar da rahoto cewa gungumai sama da miliyan 1.4, na kimanin dala miliyan 300, waɗanda aka tsare a tashoshin ruwan Sin, an sake su ne da takardun izini kusan 4,000 da aka sa wa hannu bayan kaya sun riga sun bar ƙasar. Ma'aikatar muhalli ta tarayya ta musanta cewa an karya doka. Ban zo yanke wannan shari'a ba. Abin da ba a musantawa shi ne, da aka nemi Najeriya ta kawo hujjar kimiyya cewa yankan ba zai ƙarar da irin ba, ba ta gamsar da kowa ba, har aka dakatar da cinikin madobiya daga ƙasar a ƙarshen 2018.

Yanzu duba jerin takardun nan tun daga rasit ɗin shinge har izinin Abuja. Babu layi ɗaya da aka ware don mai unguwar ƙauyen da ke bakin dajin ya sa hannu, ko arɗon rugar da shanunsa ke rayuwa da ganyen. Mutumin ƙauye ya shiga harkar ne a matsayin lebura, ko wanda aka ba 'yan dubbai ya nuna inda manyan bishiyoyi suke. Kuma me zai hana shi nunawa? Ya san in bai karɓa ba maƙwabcinsa zai karɓa, bishiyar dai ba tasa ba ce, gobe wani zai zo da takarda daga Jalingo ya kwashe ta a kan idonsa. Doka ta koya masa cewa abin da ya fi masa riba shi ne ya riga kowa.

Da madobiya ta yi wuya sai gawayi ya karɓi fage. Tun daga 2023, da aka cire tallafin mai naira kuma ta faɗi, gas da kananzir suka fi ƙarfin gidaje da yawa, matan birni suka koma kurfoti. Gawayi mai kyau kuwa ba daga sabara yake fitowa ba. Kirya ake nema, da marke, da kaɗanya. Kirya ce ke ba maƙeri garwashi, ke ba masassaƙi turmi. Kaɗanya ce bankin matar ƙauye, man da take tatsa daga 'ya'yanta shi ne sabulunta, shi ne kayan ɗakin 'yarta. Ana kwantar da ita ɗanya, a binne a rami, a fito da buhu shida ko bakwai, an gama da abin da zai yi shekara ɗari yana ciyar da gida. Wani gawayin ma ba tukunyar Kano ko Zariya zai je ba, kwantena za a loda shi zuwa Turai da Gabas ta Tsakiya don gashin nama da shisha, kuma gwamnatin tarayya ta sha haramta fitar da shi ta kuma ɗage.

Gwamnoninmu amsa ɗaya suka iya. Bauchi ta haramta, Jigawa ta haramta, Borno ta haramta, wasu ma sun bi sahu. A sanar, a kafa kwamiti, a kama mutum goma da buhunansu, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ba na zargin niyyarsu, wasunsu da gaske abin yana damunsu. Amma haramcin da bai gaya wa uwargida abin da za ta dafa tuwon dare da shi ba bai rage buƙatar ko buhu ɗaya ba. Kuɗin wuce shinge kawai yake ɗagawa. In kuɗin wucewa ya tashi kuwa, mai amalanke ne ke fita daga kasuwa, mai tirela ya gaje rabonsa.

An gwada wannan hanya har ƙarshenta a Kuros Riba, jihar da ke riƙe da mafi yawan kurmin da ya rage wa Najeriya. A 2008 ta haramta yankan katako baki ɗaya, ta kafa runduna ta musamman. Shekara 15 aka yi ana haka, katako bai daina fita ba, sai dai ya koma fita da dare, kuma jama'ar da a da suke samun wani kaso daga kuɗin yanka suka tashi a tutar babu. A 2023 gwamnatin jihar ta ɗage haramcin. A cikin jihar nan kuma akwai mutanen Ekuri, ƙauyuka biyu da suka haɗa kai suka riƙe dajinsu na hekta 33,600 da dokokin da suka tsara da kansu, suka ƙi sayar wa kamfanonin katako, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo a 2004. Barazana mafi girma da suka fuskanta daga baya daga gidan gwamnatinsu ta fito, a 2016, lokacin da aka sanar da karɓe ƙasa mai faɗin kilomita 10 a kowane gefen wata babbar hanya da ake shirin yi. Sai da suka yi ta kuka duniya ta ji kafin a janye.

Amma ba sai mun je Kalaba neman darasi ba. Tsallaka iyaka ta Jibiya ka nufi Maraɗi, ko ta Daura ka nufi Damagaram. Hausa ɗaya, gero ɗaya, ruwan samansu ma bai kai namu ba. Su ma sun gaji irin cutarmu: dokar Faransa ta 1935 ta mai da bishiya ta hukuma, dokarsu ta 1974 ta ɗora a kai. Manomi ya san in ya bar gawo ya girma a gonarsa ya jawo wa kansa ma'aikacin daji. Ba zai sassabi reshe ba sai da takarda, in ɓarawo ya sara da dare shi za a ci tara. To me kake so ya yi? Duk bazara sai ya share gona tas, ya tara tsiron ya cinna wuta. Manomin kirki a lokacin shi ne wanda ba ka ganin ko tsinke a gonarsa. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, ya dawo a 1984, iska ta riƙa binne shuka har sai an sake sau biyu ko uku. Aka zuba kuɗi a ayyukan dashen itace, yawancin dashen ya mutu.

A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sharewa toho ne daga kututturen bishiyoyi masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa tana jira. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, a sare sauran, a bar su su tashi. Manoma suka sa masa suna sassaben zamani. Dabarar ba baƙuwa ba ce, kakanni sun san ta. Abin da ya canja shi ne ma'aikatan daji na yankin sun yarda su sassauta, su daina cin tarar mutum a kan itacen da ya rena da hannunsa. Sai kuma wani abin ban dariya mai ciwo: talaucin gwamnati da rikicin siyasar shekarun 1990 suka rage wa ma'aikatan daji ƙarfin yawo ƙauye ƙauye, bishiya ta samu sarari. Doka ce ta biyo manoma a baya tana haki, da dokar karkara ta 1993, da sabuwar dokar daji ta 2004, har zuwa 2020 da aka fito fili aka ce bishiyar da manomi ya rena a gonarsa tasa ce.

Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou sun gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta farfaɗo, da bishiya wajen miliyan 200. Ba a ba da kwangilar dashe ba, ba a sayi tankar ban ruwa ba. Gawo ya koma gonaki, yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye mutane suka kafa kwamitin sa ido, da maza da mata, da manoma da makiyaya, suka tsara dokarsu da tararsu. Wanda ya saci reshe ba baƙon ma'aikaci zai ɓuya wa ba, maƙwabcin da suke sahu ɗaya a masallaci ne zai gan shi.

Hatta itacen sayarwa sun nemo masa hanya. Tun 1992 Nijar ta kafa kasuwannin itace na karkara. Ƙauyen da ke bakin daji, irin na Baban Rafi a kudancin Maraɗi, shi ke da ikon yanka da sayarwa, bisa adadin da aka yanka masa a shekara. Mai mota daga birni ba zai shiga daji da leburorinsa ba, sai ya saya a kasuwar ƙauye, a nan kuma ake karɓar haraji a raba tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmalin ƙasa. Inda aka shata dajin aka tsara yankansa, rabin harajin a ƙauye yake zama. Tsarin bai tsira daga aibi ba. An yi wuce gona da iri, an yi shugabannin kwamiti da suka ci kuɗi, an yi motocin da suka zagaye. Duk da haka ka gwada shi da namu, inda ƙauye ba ya samun komai sai ramukan da tirela ta bari a hanya.

Kada wani ya ce ai halin mutanen Nijar daban ne. Shaida tana ƙofar gidanmu. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, shi da abokan aikinsa sun bi gonakin da ke kewaye da birnin Kano shekara da shekaru. A lokacin da masana ke hasashen itacen girki zai ƙare, sai suka tarar a wannan yanki mai cunkoson jama'a bishiyoyin gona suna nan daram, ana sassabe su, ana sayar da rassa, ana barin uwar. Itacen da motoci ke cika birni da shi daga dazuzzukan nesa yake zuwa, inda babu mai cewa nawa ne. Wato inda mutane suka fi yawa bishiya ta tsira, inda gwamnati ke gadi ta faɗi. Da yawan jama'a ne ke cinye daji kamar yadda ake yawan faɗa a taruka, da akasin haka aka gani.

Na san abin da za a jefe ni da shi. Za a ce dagatai da hakimai su ne gaba wajen sayar da daji. Gaskiya ne, da yawansu sun yi, har an sha dakatar da wasu a kan haka. Shi ya sa ba na cewa a cire hatimi daga hannun darakta a ba dagaci. Mutum ɗaya a ɗaki, ko rawani ne a kansa ko hular aiki, sayen sa ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne sayen taron gari a ƙofar fada, inda matar da ke tsintar kaɗanya da makiyayin da ke sassabo ganye da maƙerin da ke neman kirya duk suke zaune, kowa da abin da zai rasa. Za a ce a ba ƙananan hukumomi. Waɗanne? Waɗanda sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, kuma har yanzu gwamnoni ke zaɓen wanda zai zauna a kujerarsu? Shugaban ƙaramar hukuma ma littafin rasit yake nema.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro. Rugu da Kamuku da Kuyambana da Sambisa ba wurin da kwamitin ƙauye zai shiga da littafi da biro ba ne, kuma ban ce ya shiga ba. A 2025 Shugaba Tinubu ya amince a kafa dakarun tsaron daji masu ɗauke da makamai, Allah ya sa su yi nasara. Amma korar ɗan bindiga aiki ne daban da sanin wace bishiya ce ta isa yanka. Sannan a tuna yadda dazuzzukan suka zama kango tun farko. An kori jama'a daga cikinsu da sunan gandun gwamnati, gwamnati kuma ta daina zuwa, masu gadi suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, aka yanka wasu sassan aka raba wa manya su yi gona, aka toshe burtali. Wurin da aka hana mai gari shiga, aka kuma kasa tsarewa, ai dole wani ya tare a ciki. Yawancin dazuzzukanmu da gonakinmu kuma ba a hannun 'yan bindiga suke ba. A can me ake jira?

Gyaran nan ba ya buƙatar Abuja, tunda daji na jiha ne. Majalisar dokokin kowace jiha tana iya zama ta rubuta cewa bishiyar da ke cikin gonar mutum tasa ce, ya sassabe ta, ya sayar da rassanta, ba sai ya nemi takardar kowa ba, a fassara wannan da Hausa da Fulatanci da Kanuri a yi ta maimaitawa a rediyo har kowa ya haddace. Tana iya rubuta cewa duk izinin yanka da aka bayar a hedikwata ba shi da ƙarfi sai taron garin da dajin ke ƙasarsa ya amince, kuma a manna kwafinsa a bangon firamare ko bakin kasuwa: wane ne ya biya, nawa ya biya, wace irin bishiya, guda nawa, daga yaushe zuwa yaushe. Yau kowane ƙauye yana da yaro mai waya, ƙirga gungumai a bayan tirela a gwada da abin da ke jikin bango ba ya buƙatar digiri. Kaso mai tsoka na kuɗin ya tsaya a garin, a asusun da ake karanta lissafinsa a bainar jama'a. Injin zarto, wanda ke kwantar da abin da gatari zai yi mako yana sara kafin a sha furar rana, a yi masa rajista da suna da lamba kamar babur. In an kama kaya ba bisa ƙa'ida ba, motar za a tsare, a nemi mai ita, ba yaron mota ba. A kuma cire sashen gandun daji daga jerin ofisoshin da ake yanka wa kuɗin shiga, a mai da ma'aikacinsa mai ƙirga da ba da shawara, a auna ƙoƙarinsa da abin da ke tsaye a daji.

Ba na zaton za a yi wannan cikin daɗin rai. Duk shingen da ke kan hanya akwai wanda yake ci daga gare shi, kuma wasu masu tirelolin su ne ke ɗaukar nauyin kamfe. Gwamna zai fi son bikin dashen itace, ya durƙusa da farar riga ya sa tsiron darbejiya a rami, a yi tafi, akuya ta cinye shi kafin mako ya zagayo. Najeriya tana da hukuma guda ta shirin Babbar Ganuwar Itatuwa tun 2015, mai aiki a jihohi 11 na Arewa, amma ban ji ɗan majalisar jiha ko ɗaya da ya yi kamfe da alƙawarin mayar wa manomi gawonsa ba. Ba a tambaye su ba ne. Mu masu zaɓe mukan tambayi taki da rijiya da kwalbati, ba mu taɓa tambayar wa ya sa hannu aka kwashe kiryar bayan gari ba.

Bana na sake bin waccan hanyar. Shingen yana nan, an ma gina masa rumfar kwano. Ban ga dattijon ba, amma na ga gatura uku jingine a jikin rumfar. Tirelar da aka ɗaga wa sanda a gabanmu buhunan gawayi ta ɗauko har sama da kan direba. Na tambayi direbanmu ina masu gungume, ya ce ai sun koma gaba, nan babu sauran na yanka.